Abin da na gani bayan shekara biyu ina amfani da Google Calendar a shagon ɗinki

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a cikin Kano, ɗinkin maza nake yi, kaftani da babbar riga da jamfa da kayan yara, shekarata 14 kenan a kan keke in aka haɗa da shekarun koyo. Tun kwanaki wasu abokan sana'a suke ta tambayata wai me nake latsawa a waya duk sanda kwastoma ya kawo ɗinki kafin in ba shi rana, shi ne na ce bari dai in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Google Calendar ce. Ba wanda ya biya ni in yi mata talla, kyauta ce ma, duk mai Gmail yana da ita, a wayoyin Android da yawa tana zuwa a ciki, in babu a taka ka shiga Play Store ka sauke. Ta daɗe ma a duniya, tun 2006 aka fito da ita, mu ne dai ba mu waiwaye ta ba.

Amma bari in fara da abin da ya kai ni gare ta, don in ban faɗa ba ba za a gane me ya sa na ɗauki abin da zafi haka ba.

Ƙaramar sallar 2023 ce. Daren Alhamis aka sanar an ga wata, gobe Juma'a 21 ga Afrilu sallah, azumi 29 aka yi, ni kuma duk lissafina a kan 30 na ɗora shi, wato ina ganin ina da sauran yini guda da dare guda. Akwai wani bawan Allah a unguwarmu da ya kawo yadin 'ya'yansa maza uku tun azumi yana kwana 6, ya biya kuɗin ɗinki cas bai rage ko sisi ba. Wajen ƙarfe 1 na dare sai ga shi riƙe da hannun ƙaramin cikinsu, wai yaron ya ƙi barci sai ya ga kayansa. Yadin nan yana cikin ledarsa a ƙarƙashin tebur yadda ya kawo shi, ko almakashi ban sa masa ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, da ka gaya min tun farko ba za ka iya ba ai da na kai wani gurin." Na mayar masa da kuɗinsa, ya ɗauki ledar ya ja yaron suka fita, yaron yana ta waiwaye. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ranar sallar nan na je idi amma zuciyata ba ta gurin, duk yaron da na gani da tsofaffin kaya sai gabana ya faɗi.

Mutane suna cewa tela ba ya cika alkawari, kuma ba zan yi musu ba don mu muka jawo. Sai dai abin da na gane daga baya shi ne yawancinmu ba da niyyar ƙarya muke buɗe baki ba. A lokacin da kake cewa mutum "ka dawo ranar Laraba in sha Allahu" kai kanka ba ka san me ke cikin Larabar ba. Littafin awo da muke da shi ai bisa ranar da aka KAWO kaya ake rubuta shi, wane ya kawo yau, wane ya kawo gobe, shafi bayan shafi, to ranar KARƁA kuma tana warwatse, ta wannan a shafi na 40, ta wancan a shafi na 52, wata ma ba a rubuta ba a ka take. Sai ka ba mutum bakwai Laraba ɗaya ba ka sani ba. Ga kunya, ga ganin ido, ga kuɗi a hannun mutum yana miƙo maka kai kuma kana da buƙata. Shi ke nan sai ka karɓa.

Bayan sallar ne ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Bayero (BUK) ya zo shago ya same ni ina ba wani abokina labarin, ya ce "Kawu kawo wayarka." Ya buɗe min ita, ya nuna min alamar ƙari da ke ƙasa ta hannun dama, ka danna, ka rubuta abu, ka zaɓi rana da lokaci, ka ce ta tuna maka saura minti kaza ko kwana kaza. Iyakar karatun kenan, bai fi minti goma ba.

Watan farko ban amfana da komai ba, kuma laifin yadda na yi amfani da ita ne. Ranar karɓa kawai nake sakawa. Sai waya ta yi ƙara da safe ta ce yau wane zai karɓi kaftani biyu, alhali ko yankawa ba a yi ba, to wannan ai kamar a tashe ka sahur ne bayan an kira assalatu. Har na bar ta na kusan sati uku. Abin da ya dawo da ni, wata rana ina zaune ina jiran mai aikin wuya, wato mai yi wa wuyan riga ado, ya kawo min riguna da ya riƙe kwana biyar, sai na ga ai ɗinki ba abu ɗaya ba ne, akwai yanka, akwai kai wa mai aiki ko gurin kwamfuta a yi zane, akwai haɗawa, akwai maɓalli da guga, sannan karɓa. Kowanne yana cin lokacinsa kuma wani ba a hannunka yake ba. Daga nan na koma in an kawo ɗinki sai in faro daga ranar karɓa in dinga dawowa baya. In Asabar za a karɓa, guga da maɓalli Alhamis, haɗawa Laraba, ke nan dole ya dawo daga gurin mai aiki Talata, ke nan dole in kai masa tun Asabar ɗin da ta gabata, ke nan yanka Juma'a da safe. Kowanne in saka shi a ranarsa da awanninsa. Juma'ar ƙarshen nan kuma da na tsallake, da gangan ne, kwana ɗaya nake bari tsakanin gamawa da karɓa.

A nan ne manhajar ta fara nuna amfaninta, don in ka saka abu ka ce daga ƙarfe 9 zuwa 12, sai ya zama wani ɗan akwati mai launi da ya cinye wannan gurin a cikin ranar, in ka juya ta zuwa kallon sati sai ka ga kwana bakwai a jere kowace da akwatunanta. Ranar da ta cika da idonka za ka ga ta cika, babu inda za ka cusa wani abu sai dai ka ɗora shi a kan wani, kuma za ka ga sun matse juna. Littafi bai taɓa nuna min haka ba.

Launukan guda 11 ne, da sunayensu irin su tumatir da ayaba da inabi, ni huɗu nake amfani da su. Ja ranar karɓa. Ruwan ɗorawa duk abin da yake hannun wani, mai aiki ko mai wanki da guga. Shuɗi aikin da ni ko yarana za mu zauna a kai. Kore kuma harkar kuɗi, zan zo kanta. Da na buɗe waya da safe in na ga ja biyu a gobe na san yau ba ranar zaman hira ba ce.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne yadda na yi shekaru ban san tsawon lokacin da aikina yake ci ba. In da ka tambaye ni a da, zan ce maka kaftani da wando awa biyu na gama. Da na fara sa wa kaina awa biyu a kalanda sai na ga kullum ina tsallakawa cikin akwatin gaba, na dinga gyarawa ina ƙarawa har na tsaya a kan cewa in mai aljihu ne da hannu mai maɓalli, awa uku ne da ɗan wani abu, in ba a katse ni ba. Kuma ana katse ni. Ga mai zuwa gwaji, ga mai zuwa gaisuwa, ga zuwa Kofar Wambai sayen zare da maɓalli wanda in ka fita sai ka yi awa biyu saboda cunkoso, ga ɗaurin aure, ga jana'iza wadda ba ta sallama. Na saka lokutan Azahar da La'asar a matsayin abin da yake maimaituwa kullum, na toshe Juma'a daga 12:30 zuwa 3, na saka cin abinci. Da na cire duk wannan sai na ga yinin da nake ɗauka awa goma ne ashe aikin keke na gaskiya bai fi awa shida zuwa bakwai ba. Ka ga duk alkawarin da na yi shekaru ina yi, a kan awannin da babu su nake yin sa.

Sannan ga wuta. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kunna janareto tun safe har dare ya zama abin da ƙaramin shago ba zai iya ba, kuɗin ɗinkin gaba ɗaya sai ya tafi a mai. To yanzu duk aikin da sai da wuta, kamar guga, tara shi nake a akwati ɗaya, in an kawo wuta alhamdulillah, in ba a kawo ba in kunna inji awa biyu a gama a kashe. Kuma kowane sati ina barin rabin yini babu komai a ciki, na rubuta masa "ko-ta-kwana". Ba satin da bai cika da wani abu ba.

Amma gaskiya babban abin da ta yi min shi ne ta ba ni bakin cewa a'a, wanda a da ba ni da shi. Akwai wani Alhaji, babban kwastomana ne, ya zo da shadda Getzner yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando, yana so nan da kwana uku zai je ɗaurin aure Kaduna. A da ko tunani ba zan yi ba zan ce an gama ranka ya daɗe, in ture kayan talakawa uku gefe. Ran nan sai na buɗe satin na juya masa wayar, na ce "Ranka ya daɗe duba nan, wannan jan na Laraba kayan ango ne, wannan na Alhamis yunifom ɗin yara ne za su koma makaranta, mai aikin babbar riga kuma shi kaɗai sai ya riƙe ta kwana huɗu. In na ce maka kwana uku na yi maka ƙarya." Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya yi shiru, sannan ya ce "To wace rana ce ta gaskiya?" Na ce Talata ta sama. Ya ce zai sa wata rigar ya je Kadunan, wannan a yi ta a nutse. Talata bayan La'asar ya aiko direbansa, kaya suna rataye a leda. Daga baya mutum biyu ya turo min.

Ba kowa ne yake yin irin na Alhaji ba fa, kar in yi muku daɗin baki. Akwai waɗanda suka ɗauki kayansu suka tafi gurin wanda zai ce musu gobe, akwai wanda ya ce min wai na fara girman kai tun da na koma aiki da waya. Ya yi min ciwo. A azumin 2024 ranar 12 ga wata na rufe karɓar ɗinki saboda kalanda ta nuna min babu sauran gurbi, ina ji ina gani ana zuwa da kaya ina mayarwa, maƙocina yana ta karɓa har 25 ga wata. Kuɗin da na kama a watan bai kai na shekarar baya ba. Sai dai ban mayar wa kowa kuɗinsa ba, ban kwashi kayan mutane na kai wa wasu teloli a ɓoye sun ɓata min ba, kuma na samu na yi sallar dare a goman ƙarshe wadda rabona da ita tun ina yaron shago.

Maganar azumi ta kawo ni kan watan Musulunci. A cikin saitin manhajar akwai inda za ka ƙara kalanda ta biyu, ka zaɓi ta Hijira, sai ta dinga nuna maka kwanan watan Musulunci a gefen na bature. Yana da amfani sosai ga mai sana'a irin tamu da kasuwarsa take bin Ramadan da Zulhajji da Rabi'ul Awwal. Amma a kula da abu biyu. Na farko lissafi ne take bi, mu kuma a Najeriya sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar muke jira, ana iya samun bambancin kwana ɗaya. Na biyu, in ka ce abu ya dinga maimaituwa duk shekara, watan bature zai bi, ita kuwa shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta bature da kwana 10 ko 11. Ku duba ma, ƙaramar sallah a 2023 ranar 21 ga Afrilu ce, a 2024 ta zo 10 ga Afrilu, a 2025 ta zo 30 ga Maris. Don haka duk farkon shekara da hannuna nake zama in saka "rufe karɓar ɗinkin sallah" da "fara sayen zare da kayan aiki kafin su yi tsada" a inda suka dace. Mai fitar da zakka ma ya lura da wannan, kar ya sa ta maimaita masa da watan bature.

Ni yanzu ƙa'idata azumi 28 ne a kalanda, komai ya zama an gama ranar 28. A 2025 aka fara azumi Asabar 1 ga Maris, daren 29 aka ce an ga wata, Lahadi sallah, irin dai abin da ya faru da ni a 2023 sak. Ina shago lokacin da sanarwar ta fito, layinmu ya rikice, ko'ina ƙarar janareto, ana ta cacar baki a ƙofar shaguna. Ni saura kaya kala uku a rataye, duk an goge, masu su ne kawai ba su zo ba, na kira su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe 11 na sallami yara na ba su na sallah na rufe. Da na shiga gida maman yara ta ɗauka ba ni da lafiya ne, don tun da aka kawo ta ba ta taɓa ganina a gida daren sallah ba.

To sai kuɗi. Ita Google Calendar ba manhajar lissafi ba ce, ba za ta tara maka ko ta debe maka ba, wanda yake son wannan ya nemi wata ko ya riƙe littafinsa. Amma ciwon kuɗin mai sana'ar hannu rabinsa ciwon lokaci ne. Za a ba ka kafin alƙalami yau, ka kai shi cefane, ranar da za ka zauna a kan aikin babu kuɗin zare babu na mai aiki, sai ka jira wani ya kawo nasa ka ɗauka ka yi na wancan, haka za ka yi ta rufe rami da ƙasar wani ramin. Abin da nake yi, a kan kowane jan akwati ina rubuta misali "Alh. Fagge, shadda fara 2, saura 8,000", a ƙasa kuma gurin bayani in sa jimla nawa, ya ba da nawa, tiransifa ce ko hannu, da nawa ne na mai aiki a ciki wanda ba nawa ba ne. In ya cika sai in goge "saura" in sa "an biya". Ranar da nake son sanin kuɗina nawa ne a waje sai in danna alamar bincike in rubuta saura, duk su fito a jere da ranakunsu. Ranar da na fara yin haka na tarar da ciko na mutum tara da na manta da su gaba ɗaya, wani tun wata huɗu, kuma da na tuntuɓe su bakwai sun biya ba gardama, su ma mantawa suka yi.

Korayen akwatuna kuma su ne abin da ake bina. Zubin adashe duk Asabar, na sa ta tuna min tun Alhamis don in fara haɗawa. Sallamar yaran shago. Kuɗin makarantar yara zango uku, kowanne tana fara tuna min saura sati uku. Bashin yadi da nake ɗauka a Kantin Kwari, wanda a da sai mai shago ya kira ni sannan in fara kame-kame, yanzu ni nake kiransa saura kwana biyu in ce ga abin da ya samu. Sai hayar shago, wadda ita ce take karya ni duk shekara don a dunƙule ake biya. Na raba ta gida 12, ranar 5 ga kowane wata waya ta yi ƙara in tura kason watan cikin wani asusu daban da ba na riƙe katinsa. Ba kowane wata nake iya cikawa ba, akwai watan da rabi na sa, amma bana da mai shago ya aiko kwana biyu kawai na nema, ban sayar da komai ba ban ci bashin kowa ba. Abu ɗaya za ka iya sa masa tunatarwa fiye da ɗaya, saura sati, saura kwana, saura awa, ga manyan biya irin wannan haka nake jera su.

Akwai ranar da wayata ta faɗa bokitin ruwan da muke yayyafa wa kaya gurin guga, ta mutu murus, ana saura kwana tara babbar sallah. Na zauna na dafe kai don duk alkawuran mutane suna ciki. Na ari tsohuwar wayar ƙanena na sa Gmail ɗina da kalmar sirri, na buɗe kalanda, komai ya dawo, har launukan. A asusunka abin yake zaune ba a cikin wayar ba. Amma fa sai kana riƙe da kalmar sirrinka, kuma na san da yawanmu a shagon waya aka buɗe mana Gmail ba mu ma san me aka sa ba. Don Allah kafin ka ɗora sana'arka a kai ka tabbatar ka san ta, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida, ka sa lambar wayarka ta gaskiya a asusun.

Data ba ta ci sosai, kuma ko babu data za ka iya buɗewa ka duba har ka ƙara abu, in ka kunna daga baya ta haɗe da asusun. Wanda bai sa data ba na tsawon lokaci dai ya sani abin da ya rubuta a wayar kaɗai yake har sai ya kunna.

Abubuwan da za a yi hattara da su. Wasu wayoyin suna da tsananin tattalin caji, sukan kashe manhajoji a bayan fage, sai lokacin tunatarwa ya yi shiru kake ji. Ya faru da ni sau biyu kafin a nuna min inda zan shiga saitin batir in cire ta daga cikin waɗanda ake takurawa. Duk da haka ban dogara da ƙarar kaɗai ba, na ɗora ɗan akwatin kalandar a fuskar wayar yadda da na buɗe zan ga na yau da na gobe, kuma bayan sallar Asuba kafin in fita nakan yi minti biyar ina duba satin, da dare kafin in rufe shago in matsar da abin da bai samu ba zuwa inda zai shiga. Wannan zama biyun su ne aikin. In ka bar su kwana uku kalandar ta daina faɗar gaskiya, in ta daina kuma kai ma za ka daina duba ta.

Sai sirrin mutane. Wata rana wayata tana kan teburin yanka wani kwastoma yana tsaye, sai tunatarwa ta fito a fuska da sunan wani da kuɗin da ake binsa, kuma sun san juna. Na ji kunya ƙwarai don amana ce. Tun ran nan na daina sa cikakken suna, laƙabi ko unguwa nake sawa, kuma na saita wayar ta daina nuna abin da ke cikin saƙo in tana kulle.

A wayata da Turanci rubutun manhajar yake, wannan zai iya tsorata wanda bai yi boko ba, amma kalmomin da za ka buƙata ba su fi biyar ba, sauran duk abin da za ka rubuta da Hausarka ne. Babban yaron shagona allo kawai ya yi da firamare, cikin kwana biyu ya gane. In ka sa Gboard, wato madannin rubutu na Google, ka zaɓi Hausa za ka samu ƙ da ɗ da ɓ, kuma tun ƙarshen 2024 aka ƙara Hausa cikin harsunan da za ka yi magana ya rubuta, yana taimako in hannunka da alli ko kana riƙe da tef, sai dai ka duba abin da ya rubuta musamman lambobi. Awo kam har gobe a littafi nake rubuta shi, tsawo da kafaɗa da hannu da wuya da ƙugu, biro ya fi sauri kuma kwastoma yana gani. Lambar shafin kawai nake sawa a kalanda.

Mai aikin wuyana har yanzu na kasa shawo kansa, ya ce shi kansa ne kalandarsa, don haka kwana biyu nake ƙarawa a kan duk ranar da ya ba ni. Amma wani kafinta a layinmu ya fara, da wata ƙanwata mai yin girkin biki da cincin, ita ta ma fi ni iya tsara ta yanzu, har ranar sayen gas take sawa. Ina ganin mai walda, mai gyaran waya, mai lalle da kitso, da ma'aikacin da yake haɗa aikin ofis da 'yar kasuwa, duk wanda dai yake cewa mutane "dawo rana kaza", zai amfana.

Wanda zai gwada shawarata kar ya fara a cikin azumi ko ana gobe bikin da ya karɓi anko, zai jefar da ita. Ya bari sai bayan babbar sallah lokacin da kasuwa take yin sanyi, ya fara da ɗinki biyar kawai, ya sa ranar karɓa ya dawo baya yana rarraba aikin, sati biyu na farko kuma ya dinga duba agogo yana gyara awannin har ya san nawa kaftani ɗaya yake ci a hannunsa shi, don nawa awa uku ne, na wani zai iya zama biyu ko huɗu.